Shaidar Haƙori: Yadda Ake Gano Sunan Gawar da Ba a San Mai Ita Ba

Duk wanda yake Jos ranar Talata 20 ga Mayun 2014, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus suka hallaka aƙalla mutum 118, ya san cewa tashin hankalin bai ƙare da mutuwar wuta ba. A kwanakin da suka biyo baya mutane sun yi ta zarya tsakanin asibitoci da ɗakunan ajiye gawa, wani riƙe da hoto, wani yana ta kiran lambar wayar da ba ta shiga, ana ɗaga musu mayafi ɗaya bayan ɗaya suna duban abin da ido ba ya iya tantancewa. Irin wannan zarya aka yi a Nyanya bayan harin 14 ga Afrilun shekarar, kuma irinta aka sake yi bayan gobarar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, da ta mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025, inda wuta ta ci mutane har aka binne da yawansu a kabari ɗaya. A 2022 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross ta ce tana riƙe da sunayen mutum fiye da 25,000 da suka ɓace a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Ba dukkansu ne suka rasu ba, amma babu shakka wasunsu suna kwance a kaburburan da babu suna a kansu.

Idan fuska ta tafi, sutura ta ƙone, katin shaida ya narke, akwai abin da yakan rage a jikin mutum wanda ke iya faɗin ko shi wane ne, wato haƙoransa. Akwai fanni guda na likitancin haƙori da aikinsa ke nan, kuma yana da kyau mu san yadda yake gudana, da inda ƙarfinsa yake, da dalilin da ya sa har yanzu bai amfane mu yadda ya amfani wasu ba.

Mutum zai iya cewa ai uwa ba ta kasa gane ɗanta. Gaskiya ne a kan mai rai, amma gawa takan sauya kama cikin kwana biyu ko uku a zafi irin namu, jiki ya kumbura, launin fata ya juye, sannan mai dubawar ma ba cikin natsuwarsa yake ba, domin ko dai zuciyarsa tana ƙin yarda, ko kuma tana gaggawar samun abin da za ta binne ta huta. Riga ana aronta, waya tana shiga hannun wani, katin shaida yana iya kasancewa a aljihun ɗan saƙo. Shi ya sa hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Intafol, a ƙa'idojinta na tantance waɗanda bala'i ya rutsa da su, ba ta ɗauki ganin ido a matsayin hujja mai zaman kanta ba. Hujjoji uku ta sa a sahun gaba: zanen yatsa, da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, da kwatanta haƙora. Sauran abubuwa, irin su tabon tiyata da tsagar fuska da zobe da tufafi, masu ƙarfafa zato ne kawai. Zanen yatsa yana da sauri, kuma yanzu da miliyoyinmu suka dangwala yatsunsu wajen rajistar lambar ɗan ƙasa da ta banki yana iya yin amfani sosai, sai dai yana buƙatar fata, fata kuwa ita ce farkon abin da wuta da ruɓa ke ci. Gwajin DNA yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da tsada, yana son ɗakin gwaji na musamman da 'yan uwa na jini, kuma gwajin da aka saba yi ba ya raba tagwaye masu kama ɗaya. Haƙori ya tsaya a tsakani: yana jure abin da fata ba ta jurewa, kuma kwatanta shi ba ya cin kuɗi ko lokaci kamar DNA.

Juriyar tasa daga ƙirarsa take. Farin ɓawon da ke lulluɓe da kan haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla, babu naman da ƙwayoyin ruɓa za su ci. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, a can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiyoyi da hanyoyin jini, sannan saiwa tana kafe a cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan gobara ta tashi, leɓɓa da kumatu da harshe sukan zama garkuwa, musamman ga turamen baya, ta yadda sau da yawa akan tarar da haƙoran gaba sun ƙone sun farfashe alhali na ciki suna nan lafiya. Abin da likita ya ƙara a baki ma yakan jure: hular tangaran, da gadar ƙarfe mai riƙe haƙorin da aka sa a giɓi, da kusar taitaniyom da ake dasa haƙori a kanta, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,600. Amma kada a ɗauka haƙori ba ya jin wuta. Yakan yi baƙi, sannan ya koma toka-toka, daga ƙarshe ya yi fari kamar alli, kuma idan ya kai wannan mataki taɓawa kaɗan tana iya mai da shi gari. Don haka ƙwararru sukan naɗe kan gawar da ta ƙone kafin a ɗaga ta, wani lokaci ma su ɗiga wa haƙoran gam domin su tsaya a wurinsu. A nan ne muke yawan yin asara tun kafin a fara, domin masu agajin da suka ɗauki gawa da kyakkyawar niyya suka jefa a bayan motar a-kori-kura sun riga sun zubar da rabin shaidar a kan titi.

Juriya kaɗai ba ta isa ba, sai an samu bambanci tsakanin bakin wani da na wani. Babba yana da haƙora 32, kowane kuma yana da fuska biyar da likita ke dubawa, wato wurare 160 da kowanne zai iya kasancewa lafiya, ko da kogo, ko da ciko, ko a karye, ko kuma haƙorin gaba ɗaya ba ya nan. Ciko kansa ba iri ɗaya ba ne, akwai mai launin azurfa, akwai fari, kuma siffarsa tana bin yadda kogon ya ci da yadda hannun likitan ya sassaƙa, ta yadda a hoton eksire, wato hoton ƙashi, yakan fito da wata siffa tasa ta kansa. Ko bakin da likita bai taɓa yi wa aiki ba yana da alamominsa: saiwar da ta lanƙwashe, da turmin da ya kwanta a cikin ƙashi bai fito ba, da haƙorin da ya juya ko ya hau kan ɗan uwansa, da girman ɗakin jijiya. Tagwayen da DNA ɗinsu ɗaya ne ma ba sa yin kogo ɗaya, ba sa karya haƙori ɗaya.

Aikin kansa kashi biyu ne da ake yi a rabe, daga baya a haɗa. A ɗakin ajiye gawa likitocin haƙori biyu sukan yi aiki tare, ɗaya yana dubawa yana faɗa, ɗaya yana rubutawa, sannan su sauya wuri domin kowa ya tabbatar da abin da ɗan uwansa ya gani. Ana wanke haƙoran da buroshi, a ɗauki hotunansu ta gaba da ta gefe da ta sama, a bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗauki eksire. Idan an tarar da giɓi, likita yakan tsaya ya dubi ramin da kyau, domin ramin haƙorin da ya faɗi bayan mutuwa a buɗe yake da kaifin baki, na wanda aka cire da daɗewa kuwa ƙashi ya riga ya cike shi ya yi sumul. Haƙoran gaba masu saiwa ɗaya sukan zube da kansu idan nama ya ruɓe, shi ya sa ake tankaɗe ƙasar da aka tsinci ƙasusuwa a kanta. A can wani ɗakin kuma wata tawaga tana tattara bayanan wanda ake nema tun yana da rai: katinsa na asibitin haƙori, da tsofaffin hotunan eksire, da zubin bakinsa idan an taɓa yi masa haƙorin roba, da hotunan da yake dariya a ciki. A tsarin Intafol bayanan mai rai a takarda ruwan ɗorawa ake rubuta su, na gawa kuma a takarda mai launin hoda, domin kada su cakuɗe.

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta lambobi. A tsarin da yawancin duniya ke bi, ana raba baki gida huɗu, sama ta dama gida na 1, sama ta hagu na 2, ƙasa ta hagu na 3, ƙasa ta dama na 4, sannan a ƙirga haƙoran kowane gida daga tsakiya zuwa baya, 1 zuwa 8, saboda haka 36 na nufin turmin farko na ƙasa ta hagu. A Amurka kuwa jere suke ƙirgawa daga 1 zuwa 32. Lamba 18 a tsarin farko turmin ƙarshe ne na sama ta dama, a na Amurka kuma turmi na biyu ne na ƙasa ta hagu. Likitan da ya karanta kati bai san da wane tsari aka rubuta shi ba zai iya kore mutumin da shi ne, don haka dole a mayar da kowane kati zuwa tsari ɗaya kafin a fara kwatance.

Kwatancen shi ne zuciyar al'amarin, kuma hankalin da ke cikinsa kowa zai iya bi. Ba a neman takardun biyu su yi daidai ɗari bisa ɗari, domin mutum ya ci gaba da rayuwa bayan ziyararsa ta ƙarshe wurin likita. Abin da ake tambaya shi ne ko lokaci zai iya bayyana kowane saɓani da aka gani. Idan kati ya nuna turmi yana nan shekara biyar da suka wuce, a gawa kuma babu shi, wannan ba matsala ba ne, ana iya cire shi a tsakani. Idan kati ya nuna ƙaramin ciko, a gawa aka ga babba, shi ma yana yiwuwa, domin kogo yakan faɗaɗa a sake cikewa. Amma idan kati ya tabbatar an cire turmin dindindin, sai ga shi daram a bakin gawa, ko kuma kati da hoto suka nuna ciko a haƙorin da a gawa babu ko ƙwarzane a jikinsa, to magana ta ƙare, ba shi ba ne, domin haƙorin babba ba ya sake tsirowa, wanda aka huda kuma ba ya warkewa. Saɓani ɗaya irin wannan yana rushe dacewa ashirin, muddin an tabbata ba kuskuren mai rubuta kati ba ne. Daga nan likita yakan yanke ɗaya daga cikin hukunci huɗu: an tabbatar shi ne, ko yana yiwuwa shi ne, ko shaida ba ta isa ba, ko kuma an kore shi. Babu wani adadi na dacewa da aka ɗaure a kai, haƙori ɗaya mai siffa ta daban a hoton eksire yana iya wadatarwa, baki cike da lafiyayyun haƙora marasa hoto kuma yana iya gazawa. Idan gawarwaki sun kai ɗaruruwa akan sa kwamfuta ta tace ta kawo waɗanda suka fi kusa, amma hukuncin na likita ne.

Wannan hanya ta daɗe. A 1776 wani maƙerin azurfa na birnin Boston mai suna Paul Revere ya gane gawar abokinsa Dakta Joseph Warren, wanda aka kashe a yaƙin Bunker Hill watanni goma kafin nan, ta haƙorin da shi da kansa ya ɗaura masa da waya. Ranar 4 ga Mayun 1897 gobara ta tashi a wata kasuwar tara sadaka a birnin Faris ta kashe mutum fiye da 120, akasarinsu mata, aka kira likitocin haƙoransu suka gane wasu daga cikin waɗanda suka ƙone, kuma a shekarar da ta biyo baya Oscar Amoëdo, likita haifaffen Kyuba, ya wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin tushen fannin. A 1945 sojojin Rasha sun tabbatar da mutuwar Hitila ne ta hanyar nuna guntun muƙamuƙinsa ga mataimakiyar likitan haƙoransa, Käthe Heusermann, wadda ta san gadojin ƙarfen da ke bakinsa. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Patris Lumumba, firaministan Kwango na farko, wanda aka kashe ranar 17 ga Janairun 1961 aka narkar da gawarsa a asid. Wani ɗan sandan Beljiyam ya riƙe haƙorinsa mai hular zinariya, kuma wannan haƙori kaɗai aka miƙa wa iyalansa a Yunin 2022 aka yi masa jana'iza a Kinshasa.

A dukkan misalan ganewa da suka gabata akwai wanda ya san bakin tun mai shi yana da rai. Nan ne gizo ke saƙar. Haƙori ba ya ɗauke da suna, kwatance ne kawai, kuma kwatance sai da abu biyu. Bala'in igiyar ruwa ta tsunami na 26 ga Disambar 2004 ya nuna wannan ƙarara a ƙasar Tailan, inda fiye da mutum 5,000 suka rasu, cikinsu har da 'yan yawon buɗe ido masu yawa daga Turai. Yawancin Turawan ta hanyar haƙora aka gane su cikin watannin farko, domin likitocinsu a Suwidin da Jamus da sauran ƙasashe sun aiko da katuna da hotuna. 'Yan ƙasar kuwa, waɗanda gawarwakinsu ke kwance a wuri ɗaya, likitoci ɗaya suka duba su da kayan aiki ɗaya, ƙalilan ne aka gane ta wannan hanya, saboda yawancinsu ba su da kati, wasu asibitocin ma ruwan ya tafi da takardunsu, sai da aka koma ga zanen yatsa da DNA. Mu ma mun ga namu. Jirgin Dana da ya tashi daga Abuja ranar 3 ga Yunin 2012 ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas da mutum 153 a ciki, babu wanda ya tsira. Tawagar babban likitan binciken gawa na jihar Legas a lokacin, Farfesa John Obafunwa, ta yi aikin tantancewa bisa tsari, har da likitocin haƙori, kuma an gane kusan dukkan gawarwakin, amma DNA da aka kai Ingila ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, waɗanda haƙori kaɗai ya bayyana kaɗan ne. Fasinjojin jirgin sama ke nan, mutanen da suka fi kowa damar zuwa asibiti. Sai a auna yadda abin zai kasance ga mai tura baro a Taminus.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci, kuma idan mun je cirewa muke nema, ba ciko ba. Wasu ma a kemis ko wurin mai maganin gargajiya suke ƙarewa, inda babu alƙalami balle kati. Shekarun baya na raka ƙanwar mahaifiyata wani asibiti a nan Jos domin a cire mata turmi. Ma'aikacin ya tambaye ta, "Hajiya, ina katinki na da?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida." Bai nemi tsohon fayil ba, ya buɗe sabo, aka rubuta sunanta da wani harafi daban da na katin zaɓenta, shekarunta kuma aka ƙiyasta. An ɗauki hoton eksire ɗan ƙarami kamar kan sarki, likita ya ɗaga shi sama ya duba, ya cire haƙorin, aka sa hoton a ambulan aka miƙa mata. A katin, abin da aka rubuta bai wuce layi biyu ba, kuma a kan haƙorin da aka cire kawai, sauran da ke bakinta babu wanda ya ambace su. Kati irin wannan yana faɗin abin da aka yi a ranar, amma ba ya siffanta bakin, alhali siffar bakin gaba ɗaya ita mai tantance gawa ke nema.

Duk da haka ba mu rasa komai ba, kuma ina ganin an raina abin da muke da shi. Bahaushe yana lura da haƙori fiye da yadda yake zato. Muna siffanta mutum da wushiryarsa, da giɓinsa, da fiƙarsa da ta fito, da jan goro a bakinsa, da haƙorin Makka da ya sa bayan ya sauke farali. Mai ɗinkin da ke cizon zare da kafintan da ke riƙe ƙusa a baki sukan bar gurbi a haƙoran gaba. A yankin Langtang ruwan ƙasa yana da yawan sinadarin fuloraid, wanda ke bar wa haƙori ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa, kuma da yake tabon yana samuwa ne lokacin da haƙori ke ginuwa a ƙuruciya, yana nuni ga irin wurin da mutum ya tashi, ba inda ya rasu ba, ko da yake akwai wasu yankunan masu irin wannan ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujja shi kaɗai, domin masu haƙorin Makka dubbai ne, amma idan iyali suka iya cewa a sama yake ta hagu, kusa da fiƙa, ga wushirya, ga turmin ƙasa da aka cire bara, to an rage ɗaruruwa zuwa biyu ko uku, sai DNA ya ƙarasa da kuɗi kaɗan. Sannan ga hotunan waya, na biki da na Sallah, waɗanda ke nuna jerin haƙoran gaba a fili, kuma ƙwararru suna ɗora su a kan hoton gawa su gwada layin. Abin kiyayewa a nan shi ne kyamarar gaba ta waya takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu, don haka sai an tantance da wace kyamara aka ɗauka.

Idan ma babu wanda ya zo nema, haƙori yana iya faɗin wani abu game da mai shi, musamman shekaru. Haƙoran nono 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata 6 su kammala kafin shekara 3. Turmin dindindin na farko yakan fito wajen shekara 6, lokacin da yaro ke fara famfara, na biyu wajen 12, na ƙarshe kuma daga wajen 17 zuwa sama. Hoton eksire yana nuna har waɗanda ke ginuwa a cikin ƙashi, don haka a yara ana iya ƙiyasta shekaru da ɗan ƙaramin kuskure, ko da yake shahararren ma'aunin ƙiyasta shekarun da ake kira Demirjian na 1973 a kan yaran Kanada aka gina shi, kuma yana buƙatar gyara kafin a ɗora shi a kan namu. A manya ƙiyasin yakan yi faɗi, ana duba yadda kan haƙori ya cinye, da yadda ɗakin jijiya ya tsuke, da yadda ƙarshen saiwa ke zama garai-garai da tsufa. Akwai ma hanyar da masu bincike a Suwidin suka bayyana a 2005, ta auna sinadarin kabon da gwajin makaman nukiliya na tsakanin 1955 da 1963 ya watsa a iska ya shiga inamel, wadda ke iya nuna shekarar haihuwa da kuskuren da bai wuce shekara biyu ba, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin aikin yau da kullum. Abin da ya fi wannan amfani gare mu shi ne cewa ɗakin jijiyar turmi yana daga cikin wuraren da DNA ya fi daɗewa bai lalace ba.

Kada a haɗa wannan aiki da na tabon cizo, wato a dubi shatin haƙori a fatar wanda aka kashe a ce na wane ne. Fata tana miƙewa tana kumbura, ba ta riƙe siffa. A Amurka an ɗaure Ray Krone shekara goma a kan irin wannan shaida kafin DNA ya wanke shi a 2002, kuma rahotannin masana kimiyya na ƙasar a 2009 da 2016 sun nuna hanyar ba ta da tushe mai ƙarfi. Kwatanta hoton haƙori da hoton haƙori wani abu ne daban, kuma shi bai shiga wannan zargi ba.

Saura batun da ya fi nauyi a wurinmu, wato gaggauta jana'iza. Addini ya umarce mu da gaggawa da kuma mutunta gawa, har ya zo a hadisi cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi wasa da wannan ba. Amma shari'ar da ta yi wannan umarni ita ce kuma ta tsara hukuncin wanda ya ɓace. A mazhabar Malikiyya matarsa za ta kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wucewa a raye. A dokar shaida ta Nijeriya sai an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. Kowace gawa da aka binne ba suna tana iya barin mace a rataye, ba matar aure ba, ba bazawara ba, da marayun da ba su da ikon taɓa gidan ubansu ko kuɗinsa na banki. Idan aka ɗora wannan a sikeli, jinkirin sa'o'i kaɗan domin a duba baki ba wulaƙanta gawa ba ne, haƙƙinta ne da na magadanta, kuma manyan majalisun fiƙihu na wannan zamani sun halatta binciken gawa idan akwai larura. Aikin ma ba ya buƙatar yanka a mafi yawan lokuta, ƙa'idojin Intafol sun hana cire muƙamuƙi sai in babu makawa kuma da izini, ga kuma na'urar eksire ta hannu da ake iya kaiwa har wurin da abin ya faru. Tsoron da ake yi cewa gawarwakin bala'i za su haddasa annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa ba haka ba ne ga waɗanda rauni ko wuta ta kashe.

Abin da ake buƙata kafin a rufe ƙasa bai fi ƙarfinmu ba: kowace gawa a ba ta lambar da ba ta gogewa, a ɗauki hoton bakinta da eksire, a cike takardar haƙoranta, a ajiye samfurin DNA, a kwantar da ita a gefen 'yar uwarta maimakon a tara su, sannan a zana taswirar wanda ke kwance a kowane gurbi. Idan an yi haka, ko bayan shekara goma wani ya zo da hoto ko tsohon kati, akwai abin da za a kwatanta da shi, kuma akwai gurbin da za a nuna masa. Jos ba ta rasa masu yi ba, tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori a jami'arta, da asibitin koyarwa, da cibiyar lafiyar baki ta ƙasashen Afirka da ke zaune a garin. Abin da ya rage shi ne a horar da wasu daga cikinsu kan wannan fanni, a sa su cikin tawagar agajin gaggawa tun daga sa'ar farko, sannan majalisar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta tsaya kan cewa duk wanda ya zauna a kujerar likita karon farko a rubuta bakinsa gaba ɗaya, da cikakken suna da lambar ɗan ƙasa, asibiti kuma ya riƙe kwafin kowane hoto.

Kwanaki na koma wurin ƙanwar mahaifiyata na ce, "Inna, ina ambulan ɗin nan da aka ba ki a asibitin haƙori?" Ta daɗe tana bincike kafin ta zaro shi daga cikin wata kwalla, tare da takardun gida da tsohon fasfonta na aikin Hajji. Babu suna a jikinsa, babu kwanan wata. Na rubuta su a bayansa gwargwadon abin da muka tuna, na ɗaga hoton a hasken taga na ɗauka da waya. Turame uku ne a ciki, na tsakiya shi ne wanda aka cire, na bayansa kuma saiwarsa ta lanƙwashe kamar ƙugiya.